Injin awon jinin da muke yawo da shi wajen masu kwana a waje

Masu tambayata a inbox wane inji muke amfani da shi in mun fita awon hawan jini wajen bayin Allah masu kwana a tasha da bakin kasuwa da ƙarƙashin gada a nan Kano, toh ga amsa. Na dantse ne, mai batir AA guda 4, irin wanda ake ɗaura wa mutum a hannu a danna maɓalli ɗaya ya hura kansa. A shagon kayan asibiti na siya, farashi kuwa kullum bin dala yake, ku tambaya da kanku.

Gaskiya ya biya kuɗinsa. Ba ruwansa da NEPA, lambobinsa manya ne ko da fitilar waya da asuba ana gani, kuma in bugun zuciya ba daidai yake tafiya ba akwai alamar da yake nunawa. Na tsintsiyar hannu kam ban ba da shawara ba, da an ɗan sauke hannu ƙasa da saitin zuciya sai lambar ta canza.

Inda ya ban haushi shi ne abin ɗaurawar. Wanda ya zo a kwalin na dantse mai kaurin santimita 22 zuwa 32 ne, tsofaffin nan kuwa da yawa yunwa ta cinye musu hannu, ka naɗa ka naɗa yana zamewa, in kuma ya yi wa hannu yawa lambar ƙasa take yi, mutum jininsa ya hau inji na cewa lafiya lau. Dole ka nemi ƙarami daban. Batir ma a sa mai kyau, na arha rabin safiya ya mutu.

Sai maganar ma'ajiyarsa da ke riƙe lambobin awon baya, an yi ta ne don mutum ɗaya a gidansa, mu da muke auna jama'a littafi ya fi mana. Kuma fa awo ɗaya bai isa a ce mutum na da hawan jini ba, sai an ga 140/90 ko sama a ranaku biyu daban-daban, toh wanda ba shi da adireshi ina za ka same shi gobe? Katin da ka rubuta masa ruwa ya jiƙa ko an sace da jakarsa. Yanzu wajen mai shayi ko ladanin masallacin wurin muke barin saƙo, su suka san inda kowa yake kwana.

Akwai wani dattijo ɗan dako, yana sauke buhu ya miƙo hannu goro a baki, na ce Baba a zauna a huta minti 5 tukuna, kuma goro da sigari suna ɗaga awo, a ba su rabin awa. Ya ce ɗana ni lafiyata ƙalau ko ciwon kai ba na yi. Inji ya nuna sama da 180/110, muka sake, haka dai. Ashe kullum diclofenac yake sha saboda ciwon jiki, shi ma yana ƙara hawan jini. A ranar muka raka shi Asibitin Murtala, don irin wannan ba a wasa da shi, shanyewar ɓarin jiki ba ta sallama.

Inji ba ya rubuta magani, wannan aikin likita ne, amma a faɗa wa likitan mutumin nan a waje yake kwana. Maganin hawan jinin da ke sa yawan fitsari wahala ne ga wanda sai ya biya kuɗi zai shiga bayan gida, kwana kaɗan zai watsar, irin su amlodipine ƙwaya ɗaya a rana sun fi masa sauƙi in likita ya ga ya dace. Batun rage gishiri da magi kuma muna faɗa dai, amma wanda abin da aka zuba masa a roba zai ci ba shi ke sa gishirin ba.

In za ku siya, ku buɗe a shagon a gwada a hannunku, ku tambayi ƙaramin abin ɗaurawa tun a nan.