Wace mota ce ta dace da sojanka na roba? Abin dubawa kafin ka fidda kuɗi a Yamai

Wanda ya taɓa jera ƴan sojojin roba a kan tebur, ya ɗauko mota ya ajiye kusa da su, ya san abin da nake nufi. Wani lokaci sai ka ga soja ya fi ƙofar motar tsawo, har kansa ya wuce rufi. Wani lokaci kuma motar ce ke haɗiye shi, ya koma kamar yaro a gindin kamiyo. Masu wasan yaƙi na kan tebur, wanda ake yi da ƴaƴan ludo da abin awo irin na tela, ba su da yawa a Yamai, kuma kayan ba a bakin hanya suke ba. Galibi sai an yi saƙo daga Faransa ko an saya ta intanet, a jira makonni, a biya duwan. Idan aka yi kuskuren ma'auni, ba wanda za ka mayar wa.

Tushen ruɗanin shi ne masu ƙera motoci da masu ƙera sojoji ba harshe ɗaya suke yi ba. A kwalin mota ko jirgi za ka ga 1/72 ko 1/48, ma'ana an raba girman abin na gaske gida 72 ko 48. Su kuwa sojoji da milimita ake kiran su: 15, 20, 28. Wannan awon ma wasu daga tafin ƙafa zuwa ido suke yin sa, wasu zuwa tsakar ka. Lissafin dai ba wuya. Mutum mai tsawon mita 1,75 yana komawa milimita 24 a 1/72, milimita 31 a 1/56, milimita 36 a 1/48, milimita 17 da rabi a 1/100. Ka riƙe waɗannan huɗun a ka, sauran duk mai sauƙi ne.

Sojojin milimita 28 su ne suka fi farin jini a hotunan intanet, don fuskarsu na fitowa sarai kuma fentinsu na da daɗin yi. Abokin tafiyarsu a takarda shi ne 1/56. Da shi kamfanin Warlord Games na Ingila ke yin tankokin wasansa na Bolt Action, haka ma Rubicon Models. Tankar Sherman, wadda tsawonta ya kusa mita 6, tana fitowa santimita 10 da ɗan wani abu. Sai dai ga inda gizo ke saƙa: yawancin sojojin 28 ba siffar mutum ta gaskiya gare su ba. Ana kumbura musu kai da hannuwa da bindiga don a gan su daga nesa, sannan a ɗora su kan faifai mai kaurin milimita 2 ko 3. Tankar kuwa a ƙasa take zaune. Shi ya sa tankar 1/56 kan yi kamar ta yi ƙanƙanta kusa da su, har wasu suka gwammace 1/48 na kamfanin Tamiya, inda Sherman ɗin ke kai santimita 12. Ni a ganina duka biyun sun yi, amma kada ka haɗa su a tebur guda. Sherman biyu, ɗaya ta fi ɗaya da santimita 2, ko yaro zai ce wannan uwa ce wannan ɗiya.

Akwai kuma motocin ƙarfe na 1/43, irin na Solido da Norev, waɗanda ake samu jefi-jefi cikin kayan gwanjo. Kyau kam suna da shi, musamman idan ka dace da Peugeot 504 ko 404 irin na iyayenmu. Amma mutumin da ya dace da su ya kai milimita 40, don haka sojan 28 yana zama gajere a gefensu. A matsayin motar da aka ajiye bakin titi don soja ya laɓe a bayanta, ba laifi. A matsayin motar da zai hau, ta yi masa yawa.

Wanda zan ba sabon shiga shawara a kai shi ne 1/72, wanda ƴan wasa ke kira milimita 20. Dalilina ɗaya ne babba: shi ne ma'aunin da soja da tanka da jirgin sama duk ake samun su a lamba guda, daga Airfix, Italeri, Revell, Zvezda, da Heller na Faransa. Kwali ɗaya na sojoji kan zo da mutum arba'in ko fiye, ba nauyi, ɗan'uwa mai dawowa daga tafiya zai cusa shi a jaka ba tare da ƙorafi ba. Abin lura kawai, tsofaffin tankokin Airfix da na Matchbox 1/76 ne, sun ɗan fi ƙanƙanta, ko da yake sai an jera su kafaɗa da kafaɗa ake ganewa.

Sannan 1/72 ne ya fi jituwa da abin da ke kasuwarmu. Ƙananan motocin Majorette da Hot Wheels da ake tsinta a Babbar Kasuwa ko Katako ana ce musu 1/64, amma gaskiyar ita ce girman kwali ake bi ba ma'auni ba. Ƙaramar mota da bas duk wajen santimita 7 ake yin su, don haka ƙaramar ta yi girma, bas ɗin ya tsuke. Majorette na da kirki a nan, don sukan buga ma'aunin kowace mota a ƙarƙashinta. Juya ta ka karanta. Abin da ya faɗa tsakanin 1/60 da 1/72 zai zauna da sojanka lafiya. Kamiyon da aka rubuta wa 1/100 ka bar wa yara.

Milimita 15, wato 1/100 na wasan Flames of War, na mai son tara tankoki da yawa ne a ƙaramin ɗaki. Sherman ba ta kai santimita 6 ba. Shi kuwa 1/35, sojansa milimita 50 ne, na ajiya cikin kabad ne.

Jirgin sama shi ne inda doka ke sassauci. Tun da a kan sanda ake kafa shi sama da tebur, ido na karɓar sa ko ya fi sojoji ƙanƙanta, kamar yadda jirgi ke ƙanƙancewa in ya yi nisa. Masu Flames of War ma 1/144 suke amfani da shi a kan tankokin 1/100. Dubi Spitfire mai faɗin fukafukai mita 11: santimita 23 ne a 1/48, kusan 16 a 1/72, kusan 8 a 1/144. Ga sojan 28, na 1/72 ya wadatar idan a sama yake. Sai in za a ajiye shi ƙasa sojoji su kewaye shi ne ake neman 1/48. Wanda ransa ya biya da C-130, irin wanda muke ganin yana sauka a filin jirgin Yamai, ya sani faɗinsa mita 40 ne. A 1/72 santimita 56 ke nan, kusan rabin faɗin tebur mai santimita 120. Sayi na 1/144.

Zafinmu ma yana da ta cewa. Kayan rezin (wata irin roba da ake zubawa ta daskare) da siraran fukafukan roba na lanƙwashewa idan aka bar su cikin mota a rufe a watan Afrilu, ƙurar hunturu kuma tana shiga kowane lungu na tanka. Roba mai tauri da ƙarfe sun fi jurewa, kuma akwati mai murfi ya fi kanta a buɗe.

In za ka kasuwa, sa soja ɗaya a aljihu, da faifansa. Tsayar da shi jikin ƙofar direba. Ga ƙaramar mota, rufin ya tsaya masa wajen kafaɗa ko haɓa. Ga Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, rufin ya ɗan wuce kansa. Mai kaya zai yi maka kallon mamaki, wataƙila ya tambaya ko na yaro ne. Ce masa eh, ka ci gaba da ciniki.