Igiyar da na rataya a jikinta a Korsika

Yaya, gaisuwa mai yawa, da fatan su Inna da yara suna lafiya. Ka tambaye ni ko gaskiya ne kayan Turai sun fi namu ƙarko, ko kuwa tsada ce kawai. Zan ba ka amsa da abin da na gani a wani kwazazzabo mai suna Purcaraccia, a duwatsun Bavella da ke kudancin tsibirin Korsika na ƙasar Faransa, inda abokan aikina suka ja ni ranar hutu.

Wasan shi ne a hau dutse da ƙafa fiye da awa guda, sannan a biyo hanyar ruwa a sauko. Wani wuri a yi tsalle cikin gurbi, wani wuri a kwanta a sulale kan falalen dutse da ruwa ya goge, inda ya yi tsayi kuma sai igiya. Dutsen irin namu ne na Birnin Damagaram, sai dai ruwan sanyi ƙarara yana gudu a kansa, garai-garai har kana ƙirga tsakuwar ƙasa. Akwai matsirgar da ta kai mita 40.

Yuro 70 na biya, wajen jaka 46 na sefa ke nan. Na san za ka riƙe baki. Amma a cikin kuɗin aka ba ni rigar roba mai kauri da ke tsare sanyi, da hular kwano, da ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙugu da cinyoyi, ga kuma jagora. Ɗamarar nan ce ta tsaya mini a rai. A jikinta akwai lamba da shekarar da aka yi ta, kuma doka ta tilasta wa mai ba da hayarta ya ajiye littafin da ke nuna ranar da aka fara amfani da ita da ranar da aka duba ta. Yawancin kamfanonin da ke yin irin wannan kaya sun ce in sun shekara 10 a zubar, ko da ido na ganinsu sababbi. Kafin mu sauka matsirga, jagoran ya bi igiyar da yatsunsa tun daga kai har wutsiya yana latsawa, ya shimfiɗa jakarsa a bakin dutsen don kada kaifi ya ci ta. Shi kansa ba ya da ikon karɓar kuɗin kowa sai da takardar shaidar ƙwarewa ta gwamnati da inshora.

Ba wai ba a mutuwa ba ne. A watan Agusta na 2018 ruwan sama ya cika kwazazzabon Zoicu kusa da ƙauyen Soccia, ya tafi da mutum 5 har da jagoransu. In an yi hasashen hadari akan soke tafiya tun da safe. In kuma wani ya karye, lamba 112 ake kira, jandarmomin ceto na kan dutse ko 'yan kwana-kwana su zo da jirgi mai saukar ungulu.

Ina rataye ruwa na dukan hulata, wallahi masu yasar rijiya na gida nake tunani. Mutum ya shiga rijiya gaba ashirin da igiyar guga da rana ta gama cinyewa, ɗaure a ƙugu, ba hula, in dutse ya faɗo sai dai Allah. Su neman abinci suke yi, nan kuwa don shaƙatawa kawai aka tanadi wannan kariya duka. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. A kasuwarmu igiya ba ta da suna balle a san nauyin da take ɗauka, mai saye da mai sayarwa duk ja suke yi da hannu su ce ta yi.

Ta wani wajen kuma mun fi su nesa ba kusa ba. A nan komai da kuɗi, har wurin ajiye mota, kuma takalmi in ya yage ba ka samun mai ɗinki a bakin hanya, sai ka sayi sabo. Burodi da cuku da na saya a ƙauyen Zonza da ke kusa da wurin kuɗinsu zai ciyar da gidanmu yini guda.

Na sayi ɗamara da hula da igiya mita 40 a wani kantin kayan wasanni mai suna Decathlon, zan ba mai tahowa Yamai ya kawo. Na Kawu ne mai aikin rijiya. Ka gaya masa kada ya ja guga da igiyar, ta shiga da fita ce kawai. In ta jiƙe a shanya ta a inuwa, kada ta kusanci ruwan batir ko kaɗan, domin yana kashe zaren ba tare da an ga alama ba. Yadda ake ɗaura ɗamarar zan nuna masa ta bidiyo a WhatsApp ranar Juma'a bayan masallaci, in sha Allah.