Takalmin Jariri da 'Yar Tsana na Ɗinkin Hannu: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

Duk abin da aka sa wa jariri a ƙafa ko aka miƙa masa a hannu, ƙarshensa baki zai kai shi, saboda haka da wannan ma'auni ya kamata mai saye ya auna kayan ɗinkin hannu tun kafin ya dubi kyawun launi ko sauƙin farashi. Masu zuwa barka da suna sukan zaɓi abin da ya fi ɗaukar ido, amma uwar da za ta wanke shi sau uku a mako ita ce ke gane ko an yi sayen kirki.

Takalmin jariri na hannu iri uku ne aka fi samu a kasuwanninmu: saƙar kwarashi, ɗinkin yadi da tela ke yi, da na fata daga hannun dukawa. Saƙar kwarashi ta fi dacewa da watannin farko, musamman idan haihuwar ta zo a cikin hunturu, sai dai yawancin abin da ake kira zaren ulu a kasuwa na roba ne, yana riƙe gumi, kuma da zafi ya shigo yakan jawo ƙuraje. A tambayi mai saƙa ko tana da zaren auduga, ko da zai ɗan fi tsada. A kuma juya takalmin a duba cikinsa, domin zaren da aka bari yana lilo yana iya naɗe ɗan yatsa ya hana jini gudu, kuma jaririn da ke kuka ba zai nuna inda ke masa ciwo ba.

Na yadi ya fi kowanne sauƙin wanki da saurin bushewa, kuma tela zai iya fitar da shi daga ƙyallayen atamfar da suka rage. Rauninsa shi ne santsi a kan tayil ko siminti da zarar yaro ya fara dafa bango yana tsayuwa. Idan an zaɓe shi, a nemi wanda aka yi wa shafi da yadin auduga mai laushi, aka kuma ɓoye bakin ɗinkin, sannan robar da ke wuyansa ba ta barin shaida a fata.

A ganina, daga lokacin da yaro ya fara tatata, abin da yawanci ke faruwa tsakanin wata 9 zuwa wata 18, babu wanda ya kai na fata mai laushi. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna tun zamanin fataucin Sahara saboda taushinta, kuma har yau dukawan Kano, a wurare irin su Ƙofar Wambai da Kasuwar Kurmi, suna aiki da fatar akuya da ta tunkiya. Amma sunan fata kaɗai bai isa ba. A lanƙwasa takalmin da yatsu biyu. Idan ya ƙi lanƙwasuwa, an sa masa ƙasa mai tauri irin na manya, wanda ke hana tafin ƙafa jin ƙasa. A sansana shi, domin warin gam mai ƙarfi alama ce ta cewa liƙi aka yi maimakon ɗinki. Sannan a goga farin ƙyalle mai danshi a jikinsa: jimar gargajiya da bagaruwa ba ta da laifi, amma rinin da aka ɗora daga baya, ja ko kore, yakan zuba, kuma duk abin da ya kama ƙyalle zai kama harshen yaro. Fata ba ta son jiƙo a ruwa, gogewa ake yi, don haka ba ta dace da gidan da ba a da lokacin kula da ita ba.

Game da awo, kada a dogara da cewa "na ɗan wata shida ne". A ɗora ƙafar yaron a kan takarda a zana, a kai wa mai ɗinki, a ce ya ƙara kimanin santimita 1 a gaba. Ƙafar tana girma da sauri, don haka sayen guda huɗu masu awo ɗaya asara ce. A cikin ɗaki kuwa, a kan tabarma ko kafet mai tsabta, ƙafa ba takalmi ta fi taimaka wa mai koyon tafiya.

'Yar tsana tana buƙatar binciken da ya fi na takalmi, domin abin da ke cikinta ba a gani. Masu ɗinki sukan cusa audugar gona, ko audugar rimi, ko yankakken soso, ko tsummoki, ko kuma farar audugar roba irin ta matashin kai na kanti. Audugar gona tana dunƙulewa bayan wanki kuma tana daɗewa ba ta bushe ba, abin da ke kawo fumfuna da damina. Ta rimi ba ta da nauyi, amma tana fitar da ƙura kuma tana saurin kama wuta. Soso yana marmashewa, idan ɗinki ya ɓalle gutsattsarinsa na iya shaƙe yaro, tsummoki kuma babu wanda ya san daga ina suka fito. Audugar roba ce na fi amincewa da ita, saboda tana wankuwa ta bushe a yini ɗaya, matuƙar an yi ɗinkin sau biyu. A ja kunne da hannu da ƙafar 'yar tsanar da ƙarfi a gaban mai sayarwa. Mai aikin kirki ba zai ji haushi ba.

Ido da hanci su zama na zare da aka ɗinka da allura. Maɓalli, duwatsun ado da ƙananan ƙararrawa ba su dace da yaron da bai kai shekara 3 ba, kuma ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka shi ne, duk abin da zai shige bututu mai faɗin santimita 3.17 yana iya maƙalewa a maƙogwaro. Igiya ko ribon mai tsawon da zai zagaye wuya a yanke shi. Wasu gidajen sun fi son 'yar tsanar da ba a yi wa fuska ba saboda dalilin addini, don haka mai kai kyauta ya tambaya tukuna. Ga irin waɗannan gidajen, ƙwallon yadi yana wadatarwa.

Likitocin yara suna gargaɗin kada a bar kayan wasa masu laushi a shimfiɗar barcin jaririn da bai cika shekara 1 ba, domin suna iya toshe masa numfashi. A ba shi yana farke kuma ana kallonsa, a ɗauke idan barci ya kama shi, sannan a wanke sabo da sabulu mara ƙamshi a shanya a rana kafin ya fara taɓa shi.