MXL R144 ko Golden Age R1 Active MKIII: wanne ya dace da muryar namiji?

Dukansu makirufon ribbon ne, masu siririn fallen alminiyam da ke tausasa kaifin murya. MXL R144 ya fi araha, amma sautinsa ƙasa-ƙasa yake fitowa. In na'urar ƙara sautinka ba ta da ƙarfi, kana murɗa ta sai ka ji shuuu a bayan muryar.

R1 Active na kamfanin Golden Age na ƙasar Suwidin kuwa da wutar 48V da na'urar ƙara sauti ke ba shi yake aiki, ƙaramar na'ura ma ta ishe shi. Abin da ya fi burge ni maɓallinsa na rage kauri a 100Hz. Mai babbar murya in ya matso kusa, kalmominsa cushewa suke yi, maɓallin nan ke warware su. Ni dai R1 zan ɗauka, ko da zan ƙara kuɗi.