Littattafai shida masu hotuna da na saya wa yarana a Wunti

Ranar da aka ba da hutun ƙarshen shekarar karatu na shiga kasuwar Wunti da ke Bauchi sayen takalman yara, sai na fito da littattafai shida masu hotuna, duk da Hausa, daga wani ɗan shago mai sayar da kayan makaranta. Naira 1,500 kowanne, mai shagon ya rage min 1,000 da ya ga zan kwashe duka. Yau wata uku ke nan suna hannun yarana biyu, namiji ɗan shekara 8 da ƙanwarsa 'yar shekara 5, don haka na san wanda ya ci kuɗinsa da wanda bai ci ba.

Ƙaramar ba ta iya haɗa baƙi ba tukuna, amma ta fi yayanta riƙe su. Hoton take karantawa. Sai ta kwanta rub da ciki a kan tabarma, ta sa yatsa tana bin zane tun daga kusurwa, kafin in buɗe baki ta riga ta yanke wa kowa hukunci. A nan na gane cewa tarbiyyar da ke cikin irin wannan littafi a hannun mai zane take, ko ya sani ko bai sani ba.

Wanda ya fi su duka shi ne na tatsuniyar Gizo da hankaki, wadda kowannenmu ya ji a bakin kakarsa: hankaki sun ara wa Gizo fuka-fukai ya bi su zuwa bishiyar ɓaure da ke tsakiyar kogi, da suka isa ya ce kowane ɓaure shi ya fara gani, su kuwa suka zare gashinsu suka bar shi. Akwai shafin da aka zana shi kumatu cike, hannuwa duka riƙe da ɓaure, hankaki a kan reshe sun zuba masa ido, bakinsu wayam. Babu inda aka rubuta kalmar haɗama a shafin. 'Yata ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Umma, bai bar musu ko ɗaya ba." Bayan kwana biyu ina raba musu gasasshiyar masara, yayanta ya kai hannu ga babban gutsure, na ji ta ce masa, "Yaya, kai Gizo ne?" Ya mayar. Na yi shekaru ina faɗa a kan wannan hali ban samu abin da shafi ɗaya ya samu ba.

Littafin nan ya yi wani aikin da ban saya shi dominsa ba. Surukata ba ta karanta boko, kuma ta daɗe da daina yi wa jikoki tatsuniya saboda waya da talabijin sun ɗauke mata su. Ranar wata Juma'a bayan isha'i, an ɗauke wuta, yarinyar ta ɗora mata littafin a cinya. Hajiya ta haska da tocila, ta ga Gizo, sai kawai ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ta ba da labarin daga hotunan, da tsamin bakin Gizo, har ta ƙara musu abin da ya faru tsakaninsa da kadoji bayan ya faɗa ruwa, wanda littafin bai kai ba. Da ta ce ƙurunƙus, yaran suka ce a sake. Abin da kawai ban so ba shi ne shafin ƙarshe, inda aka jera darussan labarin da lamba kamar jarrabawa. Ba su taɓa bari na karanta shi ba, kuma ban matsa musu ba.

Na biyu a wurina shi ne na wanke hannu. Mai zanen ya san gidajenmu: buta da sabulu a bakin randa, kwanon tuwo a tsakiyar tabarma, uwa da ɗankwali tana zuba wa yaro ruwa. Duk wanda ke Bauchi ya san abin da amai da gudawa ke yi a damina, shi ya sa na ji daɗi da na ga ƙaramar tana ɗauko buta da kanta kafin a ci abinci, tana cewa haka yaron littafi yake yi.

Na Yankari shi ne abin son babban, domin mun taɓa kai su Wikki ya yi wanka a ruwan ɗumin nan, kuma bai manta gwaggon birin da ya fizge mana leda ba. Labarin yana da kyau, a kan ɗan giwa da ya rabu da garke. Amma an zana giwar da ƙananan kunnuwa irin ta Indiya, alhali giwar Afirka kunnuwanta manya ne kamar faifai. Dajin nan a ƙaramar hukumar Alkaleri yake, an buɗe shi ga masu ziyara tun 1962, hotunan giwayensa kuma ba su da wuyar samu. Ya kamata ɗan Bauchi ya ga giwar ƙasarsa yadda Allah ya halicce ta.

Akwai ɗaya da aka fassaro daga wata ƙasa, da dusar ƙanƙara da kare kwance a gadon yaro. Ina son yarana su san duniya tana da faɗi, sai dai Hausar ta yi tauri, kuma 'yata ba ta wuce tambayar me ya kai kare gado ba. Abotar da ake son nunawa ta bi ruwa.

Abin da ya fi ɓata min rai yana cikin sauran biyun: an buga su ba tare da baƙaƙe masu lanƙwasa ba. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Ɗana ya karanta "baki sun zo gidanmu", ya tsaya yana kallona, don baƙi ake nufi. Ƙanwata malamar firamare ce, ta koyar da littattafan shirin Mu Karanta da aka raba a makarantun gwamnati na Bauchi da Sakkwato, ta ce min a aji suna ɗaukar lokaci sosai kafin yaro ya bambance k da ƙ, sai ya koma gida littafi ya rushe masa. Babba zai gane daga ma'ana, mai koyo kuwa abin da ya gani shi yake ɗauka. Na zauna da biro na bi shafi-shafi ina sa wa kowane baƙi ƙugiyarsa.

Takardar tana da kauri, launin kuma bai dushe ba, amma 'yan wayoyi biyu da aka maƙale tsakiya da su sun yi tsatsa da danshin watan Agusta. Na Gizo ya fara zubar da shafuka tun mako na huɗu, sai da na kai wa mai ɗinkin takalma a bakin layinmu ya ɗinke shi da zare.

Makon jiya na koma shagon neman wasu tatsuniyoyin daga hannun mai zanen littafin Gizo. Mai shagon ya ce, "Hajiya, na Turanci iyaye ke tambaya, shi ya sa ba na sarin na Hausa da yawa." Na bar masa kafin alƙalami na guda uku, da sharaɗin ya buɗe ya duba ƙ da ɗ kafin ya ɗauko. Ya ce ƙarshen wata zai je Kano.