Haraji ko inshora: da wanne za a riƙe asibitoci?

Ana yawan tambayata wanne ya fi, ga yadda nake kallonsu.

Birtaniya ta zaɓi haraji tun 1948. Talaka da attajiri suna ganin likita ba tare da sun biya ba. Sai dai layin jira na da tsawo, kuma duk shekarar da gwamnati ta tsuke kasafi, asibiti sai ya ji a jikinsa.

Jamus kuwa inshora take bi tun 1883: ana cira daga albashi, kamfani ya ƙara nasa kason. Kuɗin a killace yake. Amma manomi da ɗan tireda fa, daga wane albashi za a cira?

Inshora ta dace da ƙasar da yawancin jama'arta 'yan albashi ne. Inda noma da kasuwanci suka fi yawa, kamar Najeriya, haraji ya fi isa ga talaka, in har ana iya tara shi.