Kwana huɗu a kan hanyar A9: sharhi kan wani kamfanin jagorantar baƙi a arewacin Siri Lanka

Taron malaman jami'a ne ya kai ni Kolombo, kuma da yake na daɗe ina koyar da darasin sasanta rikici, na ga bai dace in dawo gida ba tare da na taka wuraren da aka gwada yarjejeniyar tsagaita wuta ta shekarar 2002 tsakanin gwamnatin Siri Lanka da 'yan tawayen Tamil ba, wadda nake yawan kafa wa ɗalibaina misali da ita. Wani abokin aiki ɗan ƙasar ya haɗa ni da wani ƙaramin kamfani da ke kai baƙi arewa, wanda ya fi ba da ƙarfi ga tarihin yaƙin basasa a kan yawon bakin teku da gonakin shayi. Na biya kuɗin kwana huɗu, wanda ya ƙunshi mota da direba da jagora da masauki da karin kumallo, amma ban da abincin rana da na dare.

A ɓangaren mota ba ni da ta cewa. Tsakanin Kolombo da Jafna, babban garin arewacin ƙasar, akwai tafiyar kusan kilomita 400, kuma mun yi ta cikin natsuwa ta Anuradapura da Vavuniya. Direban bai taɓa nuna ƙosawa ba idan na nemi a tsaya in yi salla, kuma ya san gidajen abincin Musulmi a kowane gari, inda na ci shinkafa da miyar kwakwa mai yaji har na gode Allah.

Jagoran shi ne abin da ya sa kuɗin ya halatta. Dattijo ne ɗan ƙabilar Tamil, tsohon malamin makaranta, mai jin Tamil da Sinhala da Ingilishi, kuma yana yawo da kwafin yarjejeniyar a cikin jakarsa, duk ta sha ninki. Ya fara fito da ita a Omantai, arewa kaɗan da Vavuniya, inda a da shingen sojojin gwamnati yake, wanda ya tsallake shi kuwa ya doshi yankin ƙungiyar LTTE, wato Damisan Tamil, masu neman ɓalle arewa da gabas su kafa ƙasar Tamil Ilam. Ya bayyana cewa Firayim Minista Ranil Wickremesinghe da madugun 'yan tawaye Velupillai Prabhakaran sun sa wa takardar hannu a watan Fabrairun 2002, kowa a inda yake, ba su haɗu ba, jami'an Norwe ne suka yi ta kai-komo tsakaninsu. Bayan 'yan makonni aka buɗe hanyar A9, babbar hanyar da ke zuwa Jafna, mutanen da suka yi shekaru ba su ga danginsu ba suka riƙa tururuwa, su kuma 'yan tawaye suka kafa nasu shingen suna karɓar haraji a kan kaya, abin da ya ba su kuɗi da kuma kamannin gwamnati.

Na tambaye shi dalilin da ya sa aka ɗauko Norwe, ƙasa mai nisa haka. Amsarsa ta gamsar da ni. Indiya, wadda ita ce babbar maƙwabciya, ta riga ta ƙone hannunta: ta ƙulla yarjejeniya a 1987, ta turo sojojin kiyaye zaman lafiya, suka ƙare da gwabzawa da LTTE, suka fice a 1990, sannan aka kashe tsohon firayim ministanta Rajiv Gandhi a 1991. Saboda haka ɓangarorin biyu suka fi son ƙaramar ƙasa wadda ba ta da wata buƙata a yankin kuma ba ta da ƙarfin tursasa kowa. Shugaba Chandrika Kumaratunga ce ta gayyato ta tun farko, kuma Erik Solheim ne ya zama manzon musamman. A cewar dattijon, rashin ƙarfin da ya sa aka yarda da Norwe shi ne ya hana ta yin komai lokacin da abubuwa suka fara lalacewa.

A Kilinoci, garin da 'yan tawaye suka mayar hedikwatarsu har da kotuna da 'yan sanda da banki, muka fi daɗewa. Babu wani abin a zo a gani da ya rage na wancan zamani, domin abin da baƙo zai tarar shi ne dutsen tunawa da nasarar sojoji, wani katafaren siminti da harsashi ya huda, fure na fitowa daga samansa. Da wani jagoran ne, da hoto kawai za mu ɗauka mu wuce. Shi kuwa ya zaunar da ni a wani shagon shayi ya bi da ni zagaye shida na tattaunawar, daga Tailan a Satumbar 2002, zuwa Oslo ta Norwe da Balin ta Jamus, har zuwa Hakone ta Japan a Maris ɗin 2003. Ya tsaya sosai a kan zaman Oslo na Disambar 2002, inda aka sanar cewa ɓangarorin sun amince su duba yiwuwar tsarin tarayya a cikin ƙasa ɗaya, duniya ta ɗauka an kusa gamawa, daga baya kuma ɓangaren LTTE ya ce dubawa kawai aka ce za a yi, ba a ɗauki wani alkawari ba. A nan na tuna da taron Aburi na ƙasar Gana a Janairun 1967, inda Gowon da Ojukwu suka tashi daga tebur ɗaya kowa da tasa fassarar, bayan wata shida aka fara harbi. Na ba shi labarin, ya saurara da kyau, har ya rubuta sunan garin.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya bayyana matsalar tawagar sa ido kan tsagaita wutar. An ɗauko masu sa idon daga ƙasashe biyar, Norwe da Suwidin da Danmak da Finlan da Aislan, yawansu bai wuce kimanin 60 ba, ba su ɗauke da makami, suna da ofisoshi a gundumomi shida na arewa da gabas. Aikinsu shi ne su karɓi ƙorafi, su bincika, su rubuta cewa wane ne ya saɓa, daga nan ikonsu ya ƙare. Mafi yawan laifuffukan da suka tabbatar na 'yan tawaye ne, musamman ɗaukar yara aikin soja, amma babu hukuncin da ya biyo baya. Sannan Norwe ce ke naɗa shugaban tawagar alhali ita ce mai shiga tsakani, wato mutum ɗaya ne alƙali kuma shi ne mai lallashi. Idan tawagar ta tsananta wa LTTE, ana tsoron su bar tebur. Idan ta sassauta, 'yan kishin Sinhala, ƙabila mafi rinjaye a ƙasar, a kudu su ce Norwe ta zama 'yar koren 'yan tawaye, kuma sun faɗa, har zanga-zanga suka yi a gaban ofishin jakadancinta. Na karanta wannan a littattafai, amma ban taɓa jin wanda ya tsara shi a baki cikin sauƙi kamar wannan dattijo ba.

Bai kuma ɓoye laifin kowa ba, abin da ba kasafai ake samu ba a wurin wanda yaƙi ya ci gidansa. Ya ce 'yan tawaye sun janye daga tattaunawa a Afrilun 2003, suka ƙaurace wa taron Tokiyo inda masu ba da agaji suka yi alkawarin dala biliyan 4.5. Ya ce a kudu kuma shugabar ƙasa da firayim minista ba jam'iyyarsu ɗaya ba, ita ce babbar kwamandar askarawa amma ba ta cikin masu sa hannu, kuma a Nuwambar 2003 ta ƙwace ma'aikatu uku har da ta tsaro. Daga nan ya jero sauran da sauri: ɓallewar kwamanda Karuna daga LTTE a gabas a 2004, ambaliyar tsunami wadda ko rabon kayan agajinta ya gagara haɗa su, kisan ministan harkokin waje Lakshman Kadirgamar a Agustan 2005, da zaɓen Mahinda Rajapaksa a matsayin shugaban ƙasa a ƙarshen shekarar.

A Muhamalai, inda a da layin daga yake kafin shiga Jafna, ya nuna mini filayen da aka shafe shekaru ana tonon nakiyoyi. A nan aka rufe hanyar A9 a Agustan 2006, bayan rikicin rufe madatsar ruwa ta Mavil Aru ya rikiɗe ya zama yaƙi sosai. A shekarar ce Tarayyar Turai ta sa LTTE cikin jerin 'yan ta'adda, su kuma suka ce ba su yarda da masu sa ido daga ƙasashen tarayyar ba, aka bar 'yan Norwe da Aislan kaɗai. Yarjejeniyar ta ci gaba da zama a takarda ana ta luguden wuta, har gwamnati ta soke ta a Janairun 2008, yaƙin kuma ya ƙare a Mayun 2009 da murƙushe 'yan tawaye da mutuwar dubban fararen hula.

Inda kamfanin ya gaza shi ne batun Musulmi, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Jadawalin da suka ba ni bai ambaci komai a kansu ba, alhali a Oktoban 1990 LTTE ta kori dukkan Musulmin arewa, na Jafna ma sa'o'i kaɗan aka ba su, da yawansu suka ƙare a sansanonin Putalam, kuma a Agustan shekarar aka kashe mutum fiye da 100 suna salla a masallatan Katankudi. A tattaunawar 2002 Musulmi sun nemi a ba su kujera tasu, ba a ba su ba, jagoransu Rauff Hakeem ya zauna ne a cikin tawagar gwamnati. Ashe kamfanin ya maimaita kuskuren masu shiga tsakanin ke nan, ya ɗauki labarin a matsayin na ɓangare biyu. Sai da na matsa kafin aka kai ni unguwar Musulmi ta Jafna, kuma jagoran, duk da gaskiyarsa, ya taƙaita magana a nan, na ga alamar nauyi a fuskarsa. Da na nemi mu biya ta Mutur a gabas, garin da Musulmi suka fi yawa kuma inda aka kashe ma'aikatan agaji 17 a Agustan 2006, ofishinsu ya ce sai na ƙara kuɗin kwana guda da na mai, abin da ba a gaya mini ba lokacin da na faɗi buƙatata tun a Kolombo. Na biya, amma raina bai so ba.

Masaukin Jafna mai tsabta ne, na Kilinoci kuwa fanka ce kawai ga sauro, kuma ya kamata su faɗa wa mutum tun kafin ya tashi.

Duk da haka zan tura ɗalibi ko ɗan jarida wurinsu ba tare da shakka ba, da sharaɗi biyu. Ya nemi a haɗa shi da jagoran da ya rayu a arewa a shekarun tsagaita wutar, domin an gaya mini suna da matasa waɗanda suka fi sabawa da masu yawon shaƙatawa. Sannan ya sa a rubuta masa Mutur da Putalam a cikin jadawali, tare da kuɗinsu, kafin ya biya ko sisi.